Gwandata sai fure ba ɗa: wai da gaske itace na da namiji da mace?

Ɗan_Gulbi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masana. A garkata da ke bakin Gulbi, kan hanyar Madarunfa, na dasa gwanda bara, yanzu duk sun kai munzali. Wasu sun ƙulla ƴaƴa a jikin kara, Alhamdu lillahi. Amma akwai wasu da sai fure kawai, ƙanana-ƙanana reto a kan dogayen sillaye, da magariba ƙamshi ya cika wuri, kwana kaɗan su kaɗe, ko ɗa ɗaya babu. Maƙwabcina ya ce maza ne, in sare su don ruwan banza suke sha. Wani dattijo ya ce in kafa musu ƙusa a gindi, za su koma mata. Ɗiyata da ke CEG (ƙaramar sakandare) kuma ta ce mushensu, wato malaminsu, ya ce kada a sare duka. To wai da gaske itace na da namiji da mace? In haka ne, me ya sa mangwaro guda tal a tsakar gidanmu yake ƴaƴa, ba wani kusa da shi?

Bagobirin_Tibiri:
Wa alaikumus salam. Sare su malam. Tun muna yara munka san namijin gwanda, ba shi da wani amfani sai inuwa, inuwar ma ba ta kirki ba.

Hajiya_Mai_Zogale:
A'a Bagobiri, kada ka sa bawan Allah ya yi asara. Ƙanen maigidana a Jiratawa ya taɓa bin irin wannan shawara, ya bi layi ya sare duk wadda ba ta ɗauke da ɗa. Bayan nan matan suka ci gaba da fure, ɗan ya ƙullu kamar ƙwan zabo, ya yi rawaya ya faɗo. Waɗanda suka tsaya kuwa ba girma, in ka fasa ciki fayau ba iri. Ɗan_Gulbi ka rage su dai, amma ka bar wasu.

Mushe_SVT:
Ɗiyarka ta yi gaskiya, a gaishe ta. Bari in ɗan warware, ku yi haƙuri da tsawo.

Fure shi ne wurin haihuwar tsiro. Ɓangaren namiji wasu siraran zaruruwa ne masu ɗan kai, a nan ake samun gari mai laushi, yawanci rawaya, wanda muke ce wa polan a lakwal. A gero da dawa manoma sun san shi sarai, shi ne bununi. Ɓangaren mace yana tsakiya: a ƙasa akwai ƴar mahaifa mai ƙwayaye a ciki, a sama akwai baki mai danƙo ko mai gashi. In garin nan ya sauka a bakin, sai ya tsiro, ya fid da wani siririn bututu da ido ba ya gani, ya bi ta ciki har ya iske ƙwan. Daga nan ƙwan ya zama iri, mahaifar ta kumbura ta zama ɗan itacen da muke ci.

Bambancin yana ga inda aka ajiye namijin da macen. A tumatir, wake, gyaɗa da kuɓewa, duka biyun suna cikin fure guda. Mangwaro ma yana da irin wannan fure a cikin tarin da yake fitarwa, shi ya sa naka na tsakar gida bai bukatar maƙwabci, ƙudaje sun ishe shi. A masara, kabewa da kankana, gindi ɗaya ne amma furen namiji dabam, na mace dabam. A dabino kuwa gindin namiji dabam, na mace dabam. Gwanda ta haɗa uku: akwai namiji, akwai mace, akwai mai duka biyun.

Ɗan_Gulbi:
Mushe na gode. To ƙusar fa?

Mushe_SVT:
Ƙusa sai dai ta buɗe wa ruɓa ƙofa. Tun a cikin iri aka gama hukunci. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, namijin gwanda wani lokaci, musamman in yanayi ya sauya, yakan jefo ɗa ɗaya ko biyu a ƙarshen dogon sillen nan. In ya yi daidai da lokacin da aka kafa ƙusa, shi ke nan ƙusa ta yi suna.

Sarkin_Tsokana:
Wato namiji ya yi ta ƙamshi da magariba, bai ɗauke da komai, ana ba shi ruwa kyauta. Na gane shi, akwai irinsa da yawa a fadarmu ta shayi.

Maman_Nana:
Sarkin_Tsokana Allah ya shirye ka. Mushe, ni tambayata kabewa ce. A bayan ɗakina ta yaɗu har kan danga, fure manya-manya, amma kullum sai in tarar sun zube. Har na fara zargin kaji.

Ɗaliba_Agro:
Mama, ba kaji ba ne. Ina karatun aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, mun yi wannan a fili. Gobe da sassafe ki duba ƙarƙashin furen. In kin ga sille siriri kawai, namiji ne, aikinsa ya buɗe safiya guda ya zube, kuma su suke fara fitowa, sun fi yawa nesa ba kusa ba. In kin ga ƴar ƙaramar kabewa a gindin furen tun bai buɗe ba, mace ce. Ita ma safiya guda take buɗewa, kafin rana ta take ta rufe. In zuma ba ta kawo mata gari cikin wannan ɗan lokaci ba, ƴar kabewar za ta yanƙwane ta faɗi.

In babu zuma a unguwarku, ki yi da hannu. Ki tsinko namijin da ya buɗe a ranar, ki yage ganyen furen ki bar tsinken tsakiya, za ki ga garin na manne miki a yatsa. Ki goga shi a hankali a tsakiyar macen, ko'ina ya samu. Kwana kaɗan za ki ga ta fara kumbura. Haka ake yi wa duma ma, sai dai shi furensa fari ne kuma da yamma yake buɗewa.

Maman_Nana:
Ikon Allah. Yanzu na leƙa da tocila, wallahi na ga masu ƴar ƙwallon a ƙasa guda biyu. Allah ya yi miki albarka ɗiyata.

Mai_Amya_Madarunfa:
Tunda an ambaci zuma, ku bar ni in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ina da amya a kan gawo kusa da tafki. Bana wani mai kankana da ke kusa da ni ya yi feshi da hantsi, lokacin da furen ke buɗe zuma na ciki. Washegari na iske su zube a ƙarƙashin itace, wasu na juyi a ƙasa ba su iya tashi. Abin haushin, shi da kansa ya zo daga baya yana kukan kankanarsa ta fito a karkace, gefe ɗaya cike gefe ɗaya a tsuke. To wa zai kai mata garin? Furen kankana ba ziyara ɗaya yake so ba, sai zuma ta yi ta kai-kawo kafin ɗan ya cika ya yi zagaye. Don Allah masu garka, in feshi ya zama dole, ku bari sai la'asar sakaliya ko bayan magariba, zuma ta koma gida.

Manomin_Jiratawa:
Mai_Amya maganarka gaskiya ce amma ka ji ta ɓangarenmu. Mai feshin haya da safe yake zuwa, yana da garka biyar a gabansa. Ka ce masa ya dawo da magariba, sai ka ƙara kuɗi. Kuma in tsutsa ta shiga, mutum ba ya tuna zuma.

Mai_Amya_Madarunfa:
Kuɗin da za ka ƙara masa bai kai kankana uku ba. Lissafa waɗanda ƴan sari suka ture maka gefe don sun karkace.

Bagobirin_Tibiri:
Ni duk wanga zance na zuma ban yarda da shi duka ba. Gero nawa muka nomawa a ƙasar ga? Wace zuma ce za ta bi gonakin Dakoro da Mayahi zangarniya-zangarniya? Kuma kowace shekara muna cika rumbu in ruwa sun yi.

Ɗan_Tasawa:
Bagobiri, gero iska ce mai yi masa aiki, ba zuma ba, ko da yake za ka gan ta tana kwasar bununi. Ka taɓa shiga gona da hantsi lokacin bununi ka fito rigarka ta yi rawaya? Shi ne ke tashi. Kuma akwai abin da na lura da shi tun ina bin mahaifina gona, sai daga baya wani malamin gona ya fassara mini. In gero ya fid da kai, farin gashi mai laushi ne ke fara bayyana, daga sama yana gangarowa ƙasa. Wannan shi ne macen. Sai bayan kwana biyu ko uku bununin wannan zangarniyar ke fitowa. Kafin nan gashin ya riga ya karɓi gari daga wata zangarniya, ta gonarka ko ta maƙwabci. Shi ya sa gero ba ya riƙe asali. Ka sayi ingantaccen irin gero na HKP mai kyau ka shuka kusa da mai zango, ka ɗebi iri a ciki, shekara biyu uku sai ka ga kai ya bambanta, wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani bai nuna ba.

Ɗaliba_Agro:
Haka ne Baba. Shi ya sa masu sana'ar iri ake sa su nisanta gonarsu da ɗaruruwan mitoci daga sauran gero, kuma ake ba manoma shawara su sabunta iri bayan ƴan shekaru. Wake da gyaɗa ba su da wannan matsala sosai, don furen yakan gama aikinsa da kansa tun bai buɗe sosai ba. Gyaɗa 55-437 da kakanninmu suka sani har yau tana nan da kamanninta. Dawa ma galibi da kanta take yi, sai ɗan abin da iska ta kawo.

Bagobirin_Tibiri:
To shibra fa? Mu dai mun san ba mu shuka ta ba, amma kullum tana cikin gona.

Ɗan_Tasawa:
Shibra ai ita ce babbar shaida. Jinin gero ne da na geron daji suka gauraya. Tana riga gero nuna, ta kakkaɓe ƴaƴanta a ƙasa, baɗi ta tsiro da kanta, bununinta kuma ya hau geronka. In ka ɗebi iri a masussuka ba ka zaɓa ba, ka kai ta rumbu da hannunka. Tsofaffinmu da ke bin gona suna zaɓen zangarniya tun tana tsaye, su ɗaure damin iri dabam, sun san abin da suke yi.

Hajiya_Mai_Zogale:
Kada dai a zagi shibra da yawa. Shekarar da rumbu ya ƙare tun ana noman biyu, ita ta riƙe gidaje da yawa kafin sabon gero ya iso.

Ustaz_Unguwar_Zariya:
Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar tun farko. Ga wanda ke ganin wannan zancen lakwal ne kawai, a Suratul Hijri aya ta 22 Allah ya ce ya aiko iskoki masu barbara, malaman tafsiri sun yi maganar girgije da kuma itatuwa a kanta. A Suratur Ra'adi aya ta 3 kuma an ambaci cewa ya sanya nau'i biyu a cikin dukkan ƴaƴan itatuwa. Sannan akwai hadisi a Sahihu Muslim: Manzon Allah (SAW) ya iske mutanen Madina suna yi wa dabino barbara da hannu, ya nuna ko an bari ma zai yi, suka bari, dabinon bai yi kyau ba a shekarar. Da suka gaya masa sai ya ce su ne mafi sani ga al'amarin duniyarsu. Don haka sanin wannan da aiki da shi bai saɓa wa tawakkali ba.

Ba_Ingal:
Ustaz ya taɓo gidanmu. Ni mutumin Ingal ne, kasuwanci ya zaunar da ni Maradi. Har gobe haka muke yi. Lokacin sanyi in kwasfar namiji ta tsage, sai a yanko ta, a rarraba sillayen, farare ne masu gari da wani irin ƙamshi. Mutum ya hau macen da ƙaya da komai, ya cusa sille biyu ko uku a tsakiyar furenta da ya buɗe, ya ɗaure da ganyen dabino. In ka makara da ƴan kwanaki, ka rasa wannan nonon. Wanda bai samu ba yakan yi ƴaƴa, amma ƙanana marasa ƙwallo, ba sa nuna yadda ya kamata, sai dabbobi. Namiji guda mai kyau yana isar mata da dama, shi ya sa ba a cika garka da su. Kuma mai hankali ba ya shuka ƙwallon dabino, don kusan rabi maza za su fito, sai ka yi shekaru kana ban ruwa kafin ka sani. Ɗan da ya tsiro a gindin uwa ake cirewa a dasa, shi kam uwarsa sak.

Mushe_SVT:
Abin da Ba_Ingal ya faɗa manoman dabino sun san shi dubban shekaru kafin a rubuta shi a littafin kimiyya. A Turai sai a 1694 wani Bajamushe mai suna Camerarius ya tabbatar da shi da gwaji. Ya cire gemun masara, ya cire furen namiji na zurma, ya ga iri bai ƙullu ba.

Masarar ma kowa na iya gwadawa. Abin da ke fitowa can ƙololuwa shi ne namiji. Gemun da ke leƙowa daga goyo shi ne mace, kuma kowane zare ɗaya yana tafiya ne ga ƙwaya ɗaya. Zaren da bai samu gari ba, gurbinsa zai zauna wayam. In kun ɓare masara kun ga giɓi-giɓi, abin da ya faru ke nan. Shi ya sa masarar da aka jera layi guda a bakin danga ba ta cika ba, gara a yi ta dunƙule wuri ɗaya iska ta zuba wa kowa.

Wani abu kuma da ƴan aji ke sha'awa: bututun nan ƙwayar namiji biyu yake kaiwa, ba ɗaya ba. Ɗaya ta haɗu da ƙwai ta zama ɗan tsiron da ke kwance a gefen ƙwayar hatsi. Ɗayar ta haɗu da wasu ƙwayoyi na tsakiya ta zama guzurinsa. Wani masani ɗan Rasha, Nawaschin, ya gano haka a 1898. Garin gero da ake dama fura da shi, guzurin nan ne.

Sarkin_Tsokana:
Mushe ka bar mu mu sha furarmu lafiya don Allah.

Manomin_Jiratawa:
Ni ga tawa. Na sayi irin tumatir na gwangwani mai rubutun F1, tsada kamar me, ya yi kyau ƙwarai. Maƙwabcina ya roƙi ƴaƴan ya matse iri ya shuka. Nasa ya fito wani iri-iri, wani zagaye wani dogo, wani ba ya jure komai. Yanzu yana cewa na ba shi na banza. Tunda kun ce tumatir da kansa yake yi, me ya sa bai riƙe asali ba?

Ɗaliba_Agro:
F1 ɗan fari ne na iyaye biyu mabambanta da kamfani ya haɗa da hannu. Shi yana fitowa bai ɗaya. Amma ƴaƴansa sai halayen kakanni su rarrabu a cikinsu, kowa ya ɗauko nasa. Ba laifinka ba ne. In mutum na son ajiye iri, ya nemi wanda ba F1 ba. Kuma ku lura, tumatir a zafin Afrilu da Mayu yakan yi fure ya zubar ko da ruwa ya wadata, zafi ne ke lalata garin.

Bagobirin_Tibiri:
Wato dabara ce ta a riƙa komawa kanti kowace shekara. Mu dai a bar mu da namu na gado.

Ɗan_Tasawa:
Na gadon ma ai sai da zaɓe ya zama na gado. Amma Bagobiri ka tuna mini wani abu. Shekarar da aka yi ta ruwa dare da rana daidai lokacin bununi, kai ya fito manya-manya, da aka zo yanka rabi ba ƙwaya. Tsofaffi suka ce ruwa ya wanke bununi.

Manomin_Jiratawa:
Kai, ba murzuna ba ce kuwa, tsutsar nan ta kan gero? Ita ma haka take bari.

Ɗan_Tasawa:
A'a, ta murzuna ana ganewa, tana barin hanya a murɗe a jikin zangarniya, in ka girgiza ƙaiƙayi ya zubo. Ita ce ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ke rarraba ƴan buhunan ƙwarin da ke kashe ta. Wannan kuwa kai lafiya lau, ba tsutsa, ƙwaya ce kawai ba ta ƙullu ba.

Mai_Amya_Madarunfa:
Ba zuma kaɗai ba ma. Wanda ya taɓa kwana kusa da kuka lokacin furenta ya san jemagu ne ke zuwa, furen da dare yake buɗewa, fari, yana reto. Ɗorawa ma haka. Yara na harbin jemage da danƙo, mu kuma muna son kalwa.

Ɗan_Gulbi:
Jama'a na ƙaru, amma kun tafi Ingal kun bar ni da gwandata. Maza nawa zan bari? Kuma yaya zan yi nan gaba kada in sake ban ruwa wata da watanni ga abin da ba zai haihu ba?

Ɗaliba_Agro:
Baba, abin da aka saba faɗa shi ne namiji ɗaya ga mata kamar goma, a bar shi inda iska da ƙwarin dare za su ratsa. Amma ka fara duba masu ƴaƴan. In furen babba ne, guda, manne da kara, ganyensa a rarrabe har ƙasa, ɗan kuma zagaye, mace ce zalla, tana bukatar namiji. In furen dogo ne ɗan ma dogo, mai duka biyun ce, ta wadatu da kanta. Nan gaba ka ɗebi iri daga doguwar. In ita ta yi wa kanta, wajen kashi biyu cikin uku irinta za su fito, sauran mata, ba namiji. Sai dai in akwai maza kusa suna iya shiga ciki. Kuma ka sa tsiro uku a rami guda, in sun yi fure ka bar wadda kake so ka cire sauran.

Hajiya_Mai_Zogale:
Doguwar ma ta fi shiga a kasuwa, ƴan sari sun fi son ta don ta fi nama.

Bagobirin_Tibiri:
To ni a garkar wana babu namiji ko guda, kuma zagayayyu ne, kuma suna ƴaƴa har reshe na karyewa. Mi za ku ce?

Mushe_SVT:
Ka leƙa garkunan da ke kewaye da shi. Ƙwarin da ke zuwa da magariba ba su san danga ba.

Bagobirin_Tibiri:
Sai na je na gani da idona. Ɗan_Gulbi, in ka tashi saran ka ajiye mini ganyen, ana nema.

Ɗan_Gulbi:
Na duba da safen nan, masu ƴaƴan sun kasu biyu, akwai dogaye akwai zagayayyu. Zan bar namiji ɗaya ta gabas inda zagayayyun suka fi yawa. Maƙwabcin nawa dai har yanzu yana kan bakansa, ya ce shi a tasa garka ba zai shayar da ko ɗaya ba.

Manomin_Jiratawa:
Ai ba zai ga asara ba tunda naka na nan kusa. Ka ce masa ya riƙa biyan rabin kuɗin man pompo. Ɗaliba_Agro, ki dawo kan tumatir, akwai irin da ke jure zafin Afrilu a nan Maradi ko sai dai mu haƙura da shi har sanyi ya shigo?